Kamu Biyu na Wayar Soja

Ranar Talata da hantsi, a daminar shekarar 1941, iskar hadari ta karya wani babban reshen gawo a Kwarin Bilal, ya faɗo kan wayar Nasara, ta tsinke. Matar da ta gani ta yar da itacen da ta ɗauko, ta sheƙo gari a guje cikin ruwa. Kafin ruwan ya ɗauke babu gidan da labarin bai shiga ba. Mata suka ajiye taɓare, maza suka taru a ƙofar gidan Maigari Attahiru, kowa ya sunkuyar da kai kamar an yi rasuwa.

Wayar tangaraho ce, wadda ta taso daga Madawa bisa turakun ƙarfe, ta ratsa ƙasar Karofane ta haura Buza da Keita. Tun da yaƙin Turawa ya yi zafi kumandan na Madawa ya kafa doka: duk garin da waya ta tsinke a ƙasarsa, ko iska ce ko raƙumi, zai ba da maza ashirin su yi aikin hanya kwana arba'in. Bara abin ya faɗa wa mutanen Gidan Sha'ibu a tsakiyar damina. Da mazansu suka dawo, ciyawa ta riga ta shaƙe gero, bana matansu ne ke yawo gari gari suna roƙon dusa. Ga shi a Kwarin Bilal shuka ta fito, kwana uku ke nan da fara noman farko, kuma duk garin masu iya riƙe hauya talatin da huɗu ne.

"Ku kira min Kafaran," in ji Maigari. Sai kuma ya miƙe ya gyara rawani. "A'a, ku bari. Ni ka zuwa."

Kafaran, wato kofur a bakin sojan Faransa, shi ne Halidu, tsohon soja. Shekara shida ya yi a barikin Damagaram yana ɗaukar wa wani sarjan nauyin waya, yana kallon hannunsa. Abokansa sun dawo gida da riguna da barguna, shi kuwa ya dawo da akwatin kwano cike da tarkace: awartaki, ƙusoshi, guntayen wayoyi, da kan tarho guda biyu da aka zubar. In ya taso daga gona, rumfarsa yake shiga ya baje su. Yana gyara wa fatake tocila, ya taɓa tayar da garmahon wani Balarabe a Buza, amma mutanen garinsu dariya suke masa. Sun ce soja ya taɓa masa kai.

Abu guda ne dariyar ba ta kai gare shi ba. Mahaifiyarsa, Inna Hamsatu, shekara biyu ƙafafunta ba sa motsi. Halidu ya ja waya daga rumfarsa zuwa ɗakinta, ya sa kan tarho a kowane baki, ko batir babu, in ta yi magana yana ji kamar daga cikin rijiya. Wayar ta gaza kaiwa gadonta da kamu biyu, sai ya ƙara da guntuwar da ya fi ji da ita, wayar soja mai baƙar riga, jan ƙarfe zalla a ciki.

Maigari ya same shi yana kwashe ruwan da ya shiga rumfa.

"Ɗana, ka ji abin da ya same mu."

"Na ji, Baba Maigari."

"Kana iya ɗinke ta?"

Halidu ya ajiye ƙwarya. "Iyawa daban. Doka ta ce wanda ya taɓa wayar nan, kaso. Kai ka karanta muna ita da bakinka."

"Isaka mai duba waya shina Madawa. In ta yi shiru har gobe, shi hau doki shi biyo turaku, jibi shina nan. In ta tashi yau, sai su ce hadari ne ya ɗauke magana, shi ke nan. Maza ashirin, Halidu. Cikinsu har da ƙannenka biyu."

"In anka gane fa?"

"Wa za shi hwaɗi? Garinga duk dangi ne. Na rantse maka, bakin kowa a ɗinke."

Halidu ya dubi tarkacensa. Duk guntayen da ke akwatin siraran banza ne, sun ci tsatsa. Guda ɗaya ce za ta ɗauki maganar gwamnati, kuma ya san inda take.

Inna Hamsatu na kwance tana kallonsa yana warware ta daga jikin gadon. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

"Soja, mi kaka yi?"

"Aro za ni yi, Inna. Kwana kaɗan."

"Aro wa?"

"Gwamnati."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Nasara na da waya tun daga nan har bakin teku, sai tawa kamu biyu ta rage mishi? To in na so juyawa wa za ni kira?"

"Lantana na nan kusa."

"Matarka na da ciki wata bakwai, ga gona. Tahi dai. Allah shi sa su san ka yi musu."

Maza goma suka bi shi kwari. Suka janye reshen, suka daddatse shi, mata suka kwashe itacen har ɓawo, don kada a ga alama. Bakunan wayar biyu na kwance cikin laka. Halidu ya lanƙwasa kowanne da awartaki kamar ƙugiya, ya sa aka ɗaura igiya, biyar nan biyar can, suka yi ta ja har tsakanin ƙugiyoyin ya rage kamu guda. A nan ta cije, ta ƙi ƙara ko yatsa.

"Ba ta haɗuwa," wani ya ce. "Mun mutu."

"Ba haɗa ta nika so ba. Ku miƙo kirin nan."

Kiri ne na fatar bijimi da ya jiƙa tun daga gida. Ya zarga shi tsakanin ƙugiyoyin sau takwas, ya ƙulle. In fatar ta bushe za ta ƙara tsukewa, ita za ta ɗauki nauyi. Sannan ya kankare tsatsar kowane baki da wuƙa har ƙarfen ya yi fari, ya fere guntuwar wayarsa, ya naɗa ta nan zagaye shida matse, ya tsallaka kirin da ita, ya naɗa can zagaye shida. Haka sarjan yake yi a daji in babu kayan aiki: fata ta riƙe, guntuwa ta kai magana.

Kafin a sake ta sama, ya ciro kan tarho daga aljihu, ya manna baki ɗaya jikin wayar, ɗaya ya soka a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya kara a kunne. Shiru. Can sai ya ji ƙyas, ƙyas-ƙyas, ƙyas, kamar gara na cin kara.

"Ta tashi," ya ce.

Kabbara ta kaure a kwarin. Mutanen da suka shekara huɗu suna masa dariya suka rufe shi, kowa na son ya taɓa hannunsa. Daɗi ya ɗebi Halidu, ya miƙa wa Maigari kan tarhon. Maigari ya saurara, ya zaro ido. Daga shi sai Tanko, maroƙin garin, ya fizge ya kara a nasa kunnen.

"La ilaha! Kafaran, mi suka cewa?"

"Madawa ce ka magana da Tawa," in ji Halidu, yana dariya. Shi kansa bai san ko harafi ɗaya na bugun ba. Sarjan bai taɓa yarda baƙar fata ya koya ba.

Aka shafa wa gyaran laka, aka sake shi ya hau sama. Maigari ya ɗaga hannu. "Ku ji ni da kyau. Waya ba ta tsinke ba. Wanda ya ce ta tsinke, ko ga matatai, ya bar garinga." Kowa ya amsa. Ba wanda ya tuna ya hana maganar sauraren da aka yi a wurin.

Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce, ba doki ba gardi, wato ɗan sandan kumandan. Hauya ta ci gaba da aiki. Ranar kasuwar Karofane Halidu ya je sayen gishiri da kanwa. Yana tsugune gaban mai gishiri sai ya ji murya ta tsaga kasuwa daga bayansa.

"Ga shi nan! Halidu na Hamsatu! Kafaran mai kunnen zinariya!"

Tanko ne, ya ɗaga hannu sama, jijiyar wuya ta miƙe. Kwana huɗu abin na cin sa. A ce an yi aiki irin wannan a garinsu, shi yana maroƙi, bai sanar da duniya ba? Abin kunya ne a gidansu tun kakanni. Ya dai riƙe gargaɗin Maigari, ko kusa bai ambaci tsinkewa ba.

"Wanda ya kara kunne ga wayar Nasara ta gaya mishi asirinta! Abin da Madawa ta raɗa ma Tawa, Halidu ya ji shi a Kwarin Bilal! Ni Tanko shaida ne, da kunnena wanga na ji!"

Halidu ya zabura, ya kama masa riga. "Kai, rufa min asiri. Yi shiru."

"Ku ji kawaici irin na manya! Ba shi son a hwaɗi!"

Halidu ya laluba aljihu, ya danƙa masa goro biyu don ya toshe masa baki. Nan ya ƙarasa kansa. Maroƙi in an ba shi, ai sai ya nuna wa jama'a ya gode. Tanko ya ɗaga goron sama ya sake sabon kirari, ya fi na farko ƙarfi, mutane suka kewaye su suna dariya. A ƙarƙashin wata bagaruwa wani gardi mai jar hula ya daina cin tsirensa, yana saurare.

Kwana uku bayan haka dawakai huɗu suka shigo Kwarin Bilal da hantsi, gardawa uku da Isaka mai duba waya. Suka kwashe akwatin Halidu, suka tsinke wayar ɗakin Inna suka naɗe, suka ɗaure shi a gaban matarsa Lantana. Aka ce Maigari ma ya biyo baya. A kwari Isaka ya hau tsani ya kwance gyaran, ya sa nasa, ya sauko da kirin da guntuwar wayar a hannu.

Isaka ba baƙo ba ne ga Halidu. Ɗaki ɗaya suka kwana a bariki shekara uku, ƙwarya ɗaya suka ci. A hanya ya rage tafiyar dokinsa har ya jera da shi.

"Kamarad, tun daga ƙasa na san hannunka ne. Zagaye shida. Ni ma da ban fi haka ba."

"Ka ga bakin wayar?"

"Na gani."

"To ka san tsinkewa tay yi. Ba yanka ba ne."

Isaka ya dubi kunnen dokinsa. "Gawon nan tun rani anka ce in sa a sassabe shi. Ban yi ba. Ɗiya shida gare ni, Halidu."

"Wato ba ka ga komi ba."

"In anka tambaye ni, waya na gani da guntuwa a jiki. Iyakata ke nan." Ya sa wa dokin ƙaimi ya wuce gaba.

A Madawa aka zaunar da Halidu a rana a bayan ofishin kumandan. Har lokacin bai karaya ba. Gaskiyarsa a fili take: waya ta tsinke, ya gyara, maganar gwamnati ta wuce kwana bakwai ta kan guntuwarsa ba ta yi tuntuɓe ba. Duk wanda ya san aiki zai gani. Yana cikin shirya yadda zai faɗa da Faransancin bariki, inuwa ta rufe shi. Maigari ne. Ya ba gardi goro, ya tsuguna kusa, abin da bai taɓa yi gaban ƙaramin mutum ba.

"Ɗana, na ga tafinta. Ya hwaɗa min yadda abin yake. Hanya biyu ce. In waya tsinkewa tay yi, kuma munka ɓoye, maza ashirin sun zama arba'in, kuma ba mu da arba'in. Har tsofaffi za su kwasa. In kuwa mutum guda ne ya taɓa ta don kansa, gari ba shi da laifi."

"Mutum guda."

"Mutum guda."

"Baba Maigari, wa ya zo rumfata?"

"Ni ne. Ban musa ba. Gaban Allah ba ni musawa."

"Gaban kumandan fa?"

Tsohon ya kau da kai. Ya kama gemunsa. "Gonarka na wuyanmu. Gayya za mu yi mata tun kafin tamu, noman farko da maimai, har girbi. Hamsatu da Lantana ba su rasa hatsi in ina da rai. Kai ɗaya ne, Halidu. Ka dubi yaran garinga."

"Da kuna dariyata, ni ɗaya ne. Yau ma ni ɗaya ne. Tashi, Baba, kar gardi shi ga rawaninka cikin ƙasa."

Kumandan na zaune a baranda, gajere ne mai jan wuya, zazzaɓi ya ci masa fuska. Bisa teburinsa an jera kirin, da guntuwar wayar, da kan tarho biyu. Iyakar ƙasar Ingilishi yini guda ce daga nan a ƙafa, an rufe ta tun bara, kuma kowane wata manyansa na aiko masa da takarda suna tambaya ko ya kama masu kai wa Ingilishi labari. Bai taɓa kama ko ɗaya ba.

Aka fara da Maigari. Tafinta ya tambaye shi ko waya ta tsinke a ƙasarsa ranar Talata.

"Ranka shi daɗe, ba ta tsinke ba. Mu manoma ne, ƙasa muka kallo."

Aka kira Isaka. Ya ƙame, ya ce ya sami baƙuwar waya a jikin ta gwamnati, ya cire. Ba a tambaye shi gawo ba, bai ambata ba.

Kumandan ya juyo ga Halidu. Kafin tafinta ya buɗe baki Halidu ya ƙame ya faɗi lambarsa ta soja da sunan rundunarsa da Faransanci. Kumandan ya ɗaga gira.

"Wannan aikinka ne, Kafaran?"

"Nawa ne, mon kumandan."

"Ka kara wannan abin a wayar gwamnati?"

"Na kara."

"Me ka ji?"

"Ƙyas-ƙyas."

Kumandan ya ɗauki fensir ya ƙwanƙwasa tebur, gajere, dogo, gajere, ya daɗe yana yi, idonsa a kan fuskar Halidu. "Me na ce?"

"Ban sani ba. Ba a koya mana ba."

"Uwarka na zaga. Da ka ji, da fuskarka ta nuna." Ya ajiye fensirin, ya ɗauki guntuwar wayar yana juya ta, yana duban naɗin. Ba wawa ba ne. "Wannan aiki mai kyau ne. Wa ya koya maka?"

"Ku."

"To ka san abin da na sani. Mai son saurare ba ya buƙatar yanke waya. Mannawa kawai zai yi ya tafi. Wanda ya ɗaure waya da fata, ya tsallaka da guntuwa, gyara yake yi." Ya jingina da kujera. "Zan tambaye ka sau ɗaya. In ta tsinke ne ka gyara, faɗa mini. Laifinka wata guda ne, ƙila ma in ba ka aiki tare da Isaka, ina neman mai hannu irin naka. Sauran tsakanina da garinku ne. Ta tsinke?"

Tafinta ya juya maganar da Hausa don Maigari ya ji. Halidu ya ji numfashin tsohon a bayansa, yana fita da ƙyar. Aikin waya da albashi, da doki, da kaki: abin da ya yi shekara goma yana mafarki ke nan, ga shi an ajiye masa a tebur. Kalma ɗaya ce, kuma gaskiya ce. Sai matan Gidan Sha'ibu suka faɗo masa a rai, yadda suke tsayawa a ƙofar gida da ƙwarya, ba sa iya sallama da ƙarfi. Ya tuna matan ƙannensa. Ya so a ce yana ƙin garin nan yadda ya cancanta, da abin ya zo masa da sauƙi.

"Ba ta tsinke ba," ya ce. "Ni na yanke ta."

"Don me?"

"Na zaci sai an yanke ake jin magana."

"Kai? Mai wannan naɗin?"

"Kwaikwayo ne, mon kumandan. Na ga sarjan na yi, na yi. Ban san komi ba a aikin waya. Ɗan dako ne ni. Ka tambayi garinmu, kowa ya san kaina ba daidai yake ba."

Wannan ta fi igiyar hannunsa ciwo. Kumandan ya dubi Maigari, tafinta ya tambaya.

"Gaskiya ne, ranka shi daɗe," in ji Maigari da sauri. "Tun da ya dawo soja haka yake. Yara ma sun sani."

Kumandan ya daɗe yana kallon Halidu. Ya san ƙarya ce, Halidu ya ga ya sani. Amma reshen gawo ba abin da za a rubuta wa manya ba ne, tsohon soja da aka kama da kan tarho kusa da iyaka kuwa takarda ce mai kyau. Ya jawo tawada.

"Shekara biyar. A kai shi Tawa. Maigari, ka koma, ka sa ido kan mahaukatanka."

Maigari ya faɗi ya yi godiya, ya zuba ƙasa a ka. Da zai fita ya ratsa ta gefen Halidu, kansa a sunkuye.

Kwana goma sha biyu Halidu ya yi a kason Madawa kafin a tara fursunonin da za a kora arewa. Su bakwai ne a igiya ɗaya, gardawa biyu a kan dawakai. Hanyar Tawa ta bi gindin turakun waya, don haka rana ta biyu da hantsi suka gangaro Kwarin Bilal.

An yi ruwa kwana biyu da suka wuce, kwarin ya yi kore shar. Gonaki cike da maza. Halidu ya san kowane baya da ya gani: na Bilal maƙeri, na ƴaƴan liman, na ƙannensa biyu a gonar gado. Ba wanda ya ɓace. Gero ya kai gwiwa, layi layi, ƙasa baƙa tsakaninsa, an share ta tas. Waƙar noma da suke yi ta mutu da suka hango igiyar. Ya jira wani ya ɗago. Sai hauyoyin suka ƙara sauri, kawunan suka ƙara yin ƙasa, har ƙannen nasa.

Gonarsa ce ta ƙarshe kafin hawan dutse. Tun daga nesa ya gane ta, don ita kaɗai ce ba a ganin layinta. Ciyawa ta haura geron. A tsakiya mace ɗaya ce tsaye da hauya, cikinta ya turo zane, ta share wuri bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba.

Lantana ta yar da hauyar ta ɗauko gorar ruwa, ta taho tana haki. Gardi ya ɗaga bulala, sai ya dubi cikin, ya sauke.

"Sha, maigida."

Ya sha, ya miƙa wa na bayansa. "Inna fa?"

"Tana nan. Ta ce in na gan ka in ce maka ba ta yi kuka ba." Ta goge fuska da gefen zane. "Ƙarya ta ka yi."

"Gayyar fa? Maigari ya ce kafin tasu."

"Sun sa ranar Lahadi, anka yi ruwa. Sun ce kowa shi gama tashi tukun, ciyawa ba ta jira. Kuma wasu na cewa in anka gan su gonarka, gardi na iya cewa da su anka yi."

Halidu ya juya ya dubi kwarin. Maza talatin da uku, duk a duƙe, ba mai kallon wannan gefen.

"Kar ki ƙara ɗaukar hauya da cikin nan," ya ce. "Ki tahi ƙofar Maigari kowace safiya ki zauna da ƙwarya, inda masu wucewa za su gan ki. Kar ki roƙa. Ki zauna kawai."

"Ni? Da ƙwarya?"

"Ke. Kunya ce kaɗai ta rage musu, ita za ki ci."

Gardi ya fizgi igiya, mutum bakwai suka yi gaba tare. Lantana ta bi su taku kaɗan, dutsen ya fi ƙarfinta, ta tsaya riƙe da gorar. Halidu bai waiwaya ba. Suna kaiwa rabin hawan ya ji waƙar noma ta sake tashi a bayansa, da murya ɗaya tukuna, sannan sauran suka amsa.